Daga ina zan fara sanin Allah?

Ɗan'uwa daga Tawa, ka ce kana zuwa coci kowace Lahadi amma Allah yana maka nisa, kana tambayar inda za ka fara.

Fara da Bisharar Yohanna. Sura 21 ce, kana karanta ɗaya kowace safiya, sati uku ka gama. Ware minti 15 da asuba kafin gida ya tashi, waya a kashe. Bayan karatu, rubuta amsar tambaya ɗaya a ƙaramin littafi: me wannan sura ta nuna game da halin Allah? Yohanna 14:9 ne dalilin farawa nan, domin Yesu ya ce wanda ya gan shi ya ga Uba. Daga nan ka koma Fitowa 34:6-7, inda Allah da kansa ya faɗa wa Musa halinsa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne addu'a ta zama jerin buƙatu kawai: kuɗin haya, aiki, lafiya. Idan amsa ta jinkirta sai zuciya ta yi sanyi, tunda kyautar aka sani, ba Mai bayarwa ba. Saboda haka ka buɗe addu'arka da abin da ka rubuta, roƙo ya biyo baya. Ayar da ta shige maka duhu kuma, kai wa fasto ko dattijon ikilisiya.