Muryar da na yi wa ƙanwata kan fim ɗin Kirsimeti

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, na ji saƙonki. Kin ce kin kalli fim ɗin nan na Kirsimeti, na yarinyar da ta baro aiki a birni ta koma garinsu hutu, ta yi kiciɓis da tsohon saurayinta. Ya yi miki daɗi, amma wai me ya sa duk labarinsu ɗaya ne? To da gangan ne. Akwai wata tashar talabijin a Amurka, Hallmark, tun 2009 duk shekara makonni kafin Kirsimeti take fara jero irinsu har biki ya wuce, wasu shekarun sababbi wajen 40. Da yawansu a Kanada ake ɗauka, sati biyu zuwa uku an gama, wani lokaci ma da zafi, ƙanƙarar nan da kike gani haɗa ta ake yi. Mai kallo ya san ƙarshen tun farko, kuma abin da yake so ke nan, a koma gida, a ci abinci da dangi, a yi dariya, a shirya.

Amma ni na san abin da ke cin ki, tunda kin ƙare da cewa mu fa ina namu. Nan ne maganar take. Wallahi kayan wannan labari sun fi yawa a Damagaram. Ɗauki yarinya mai aiki a Yamai, jajibirin Babbar Sallah ta kamo hanya, kusan kilomita 900, Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, ta iso a gajiye, ɗan kabu-kabun da zai kai ta unguwar Birni sai ya zama wanda ta ƙi shekarun baya. Shi ke nan fim ya tashi. Ga tela ya karɓi ɗinkin unguwa guda, dare ya raba mata na zaune a shagonsa, hannu ɗaure da lalle, kowacce na cewa nata za a fara. Wa zai kalli wannan bai yi dariya ba?

Sai gashin rago. Ku tuna yadda muke yi, a feɗe shi, a tsire a kan sanduna biyu a gicciye, a jera kewaye da wuta har dare, mata na can ciki suna suyar kayan ciki, naman kuma sai washegari a raba. To saurayi ya zo neman shiga wurin uban yarinya, ya kawo itace, ya tsaya yana gyara wuta, hayaƙi na sa shi hawaye, shaddarsa sabuwa duk ta yi baƙi, tsoho ko kallonsa bai yi ba. Ita kuma tana leƙe ta zaure. Ga dawakin Sarki ranar hawa, ga algaita da kakaki a ƙofar fada. Me aka nema aka rasa?

Abin da ke ƙona min rai, kun san wani yaro ya taɓa zuwa unguwarmu da kamara, wai zai yi fim ɗin Sallah. Muka ba shi zaure, inna ta yi musu tuwo, yara suka yi wanka suka jeru. Da fim ya fito, daga farko har ƙarshe cikin falo ne, kujerun alfarma, labule, rawa da waƙa. Ko doki ɗaya babu, ko ƙahon rago. Fim ɗin Sallah ba Sallah a ciki! Kuma ba shi kaɗai ba, har na Kano da ake saki lokacin Sallah, sau da yawa ranar fitowar ce kawai ta Sallah. Zauren nan kuwa sai da muka share shi muka shimfiɗa sababbin tabarmi... bari dai in bar wannan.

Kuma fa ba cewa nake a kwaso na Turawa yadda yake ba, rungume-rungumen nan ba namu ba ne. Namu zance ne a ƙofar gida, ƙanen yarinya ne ɗan aike, ya karɓi goron Sallah sau biyu kafin ya shiga ya kira ta. Wannan kaɗai ya isa a yi minti goma ana dariya.

Duk mai ɗan'uwa da ke harkar fim a cikinku, don Allah ya tura masa muryar nan kafin Sallah ta zo.