Nissan 350Z: 'yar 2003, 'yar 2006 ko 'yar 2007, wacce zan saya?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Injiniya. Na daɗe ina tara kuɗi don in mallaki Nissan 350Z, ƙaramar motar nan mai kujera biyu. Ina da Corolla ta zuwa aiki, wannan ta fita ranar hutu ce kawai. Na samu guda uku, dukansu masu giyar hannu. Ɗaya 'yar 2003 ce a Kaduna, ita ce mafi araha. Ɗaya 'yar 2006 a nan Abuja, jikinta fes, dillalin ya ce injinta ya fi na 2003 ƙarfi. Ta ukun 'yar 2007 ce, ta fi su tsada, ga shi fentinta ya koɗe. Gaskiya zuciyata tana kan 'yar 2006. Me za ka ba ni shawara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a wannan niyya. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: cikin ukun nan, wadda zuciyarka take kai ita ce na fi jin tsoro. Da ni ne, 'yar 2007 zan bi, in dai ta ci gwajin da zan faɗa maka a ƙasa.

Dalili kuwa shi ne, 350Z da aka sayar a Amurka daga 2003 zuwa 2008 jiki ɗaya ne a ido, amma inji uku ne a cikin bonat. Kuma motocinka uku sun faɗo a kan injunan nan uku, kowacce da nata.

Ta 2003 tana ɗauke da injin VQ35DE na asali, silinda shida, lita uku da rabi, ƙarfin doki 287. Injin nan ba baƙo ba ne a garejinmu, danginsa ne ke cikin Murano da Maxima da Pathfinder da Infiniti FX35 na wancan zamani, don haka makanikai sun san shi, kuma ba a shan wahalar fulogi da koyil da sauran ƙananan kaya. Injin yana da juriya. Inda motocin shekarar farko suka samu matsala shi ne giyabos da tayoyin gaba. Giyar hannu ta farko-farkon tana gurzawa idan aka zo shigar da ta uku ko ta biyar da sauri, sai daga baya Nissan ta fito da gyararren giyabos da ake kira CD009. Tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta ciki, su yi gargada, mota ta riƙa gurnani idan ka rage gudu, har sai da kamfanin ya sake lissafin alaimen ɗinsu. Idan ka je Kaduna, ka durƙusa ka shafa gefen tayar gaba ta ciki da tafin hannunka. In ka ji ta kamar haƙoran zarto, ka san labarin.

Yanzu ga 'yar 2006. Dillalinka bai yi ƙarya ba, ƙarfinta doki 300 ne. Wannan shi ne injin da ake kira Rev-Up, wanda ya fara fitowa a 2005 a wasu samfura ƙalilan, sannan a 2006 aka sa shi a duk masu giyar hannu. A shekarar ne kuma aka yi wa motar kwaskwarima: sababbin fitilun gaba da na baya, cikinta ma aka ɗan gyara. Shi ya sa take ɗaukar ido. Abin da dillalin bai faɗa maka ba shi ne injin nan ya yi suna wajen shan baƙin mai. Ba yoyo yake yi ka ga ɗigo a ƙasa ba, ƙona shi yake yi a ciki, ta wajen ringi. Tun motocin suna sababbi aka riƙa kai ƙorafi, har Nissan ta canza wa mutane da dama inji a ƙarƙashin garanti. Ba kowace 'yar 2006 ce ke da ciwon ba, amma kai ba ka da hanyar sani a tsayuwar rabin awa a filin dillalai. Ciwon sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ana auna mai yake bayyana.

Na taɓa karɓar irinta a gareji, jawur, ko ƙwarzane babu. Mai ita matashi ne, wata huɗu da sayenta. Ya ce yana kan hanyar Lokoja ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Na zaro sandar awon mai, na goge, na mayar, na sake zarowa: a bushe ƙayau. Inji mai cin kusan lita biyar, abin da muka juye daga cikinsa bai cika galan ɗin lita biyu ba, baƙi ƙirin kamar kwalta. Yaron bai yi sakaci da sabis ba, yana bin lokacinsa, kawai ba wanda ya gaya masa cewa wannan injin sai ana duba mansa duk sati. Na ji tausayinsa ƙwarai, domin kuɗin injin da ya saya daga baya ya kusa ba shi 'yar 2007 tun farko. Wani abin lura, 'yar 2006 mai otomatik ba ta cikin wannan magana, ita injin doki 287 aka bar mata. Taka ce, mai giyar hannu, take ciki.

A 2007 Nissan ta kawo VQ35HR, kuma ba faci aka yi wa tsohon ba. Kamfanin ya ce sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan injin sababbi ne. Ƙarfinsa doki 306, yana juyawa har 7,500 a minti, yana shaƙar iska ta ƙofa biyu, kuma ya rabu da shan man da ya addabi na 2006. Giyabos ɗinsa ma gyararre ne. Wanda ya tuƙa biyun zai ji bambanci tun kafin ya fita daga layi, ya fi santsi a sama, ba ya shaƙewa. 'Yar 2008 kusan abu ɗaya ce da ita, in ka ci karo da mai kyau kada ka tsaya bambanta su.

Kafin komai ka tabbatar shekarar da aka faɗa maka gaskiya ce, domin ana canza wa tsohuwa fitila da bamba a ce sabuwa ce. Lambar shasi tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17. Ka ƙirga na goma: 3 na nufin 2003, 6 na nufin 2006, 7 na nufin 2007. Sai ka leƙa agogon juyin inji: jan layi yana farawa a 6,600 a injin farko, 7,000 a Rev-Up, 7,500 a HR. Bonat ɗin 'yar 2007 yana da ƙusumbi a tsakiya saboda injin ya fi tsayi, in ka buɗe kuma za ka ga akwatin tace iska biyu, hagu da dama. In ka ga ɗaya, to ko dai ba 'yar 2007 ba ce ko an canza mata inji.

'Yar 2007 ma tana da nata ciwon guda biyu, ba zan ɓoye maka ba. Na farko wani gasket ne na takarda da ke rufe hanyar mai, a bayan murfin sarƙar inji. Idan ya tsufa ya yage, ƙarfin tura mai ya faɗi, inji ya riƙa aiki da ƙishirwa ba tare da hayaƙi ko ƙara ba. Alhamdu lillahi motar da kanta tana da gejin da ke nuna wannan, cikin ƙananan agoguna uku da ke tsakiyar dashbod. Ga gwajin da na ce maka: ka tuƙa ta minti ashirin har ta yi zafi sosai, ka tsaya ka bar ta a silo. Littafin Nissan ya ce kada allurar ta yi ƙasa da 14 a ma'aunin psi, idan kuma ka ɗaga wuta juyin inji ya kai 2,000 a minti, ta kai 43 ko sama. Kada ka yarda da awon da aka yi inji na sanyi, mai sanyi kauri gare shi, kowace mota lafiya take nunawa da safe. Ka kuma murza man a yatsunka. Wasu suna ɗura mai kauri irin 20W-50 don su rufe asirin inji, alhali 5W-30 aka rubuta mata. In kana da makaniki amintacce, ya ɗaura gejinsa na hannu ya tabbatar. Gyaran gasket ɗin sai an kwance gaban injin gaba ɗaya, aiki ne na ƙwararre, amma in an yi shi da mai ƙarfe an huta.

Na biyu shi ne ƙaramar silindar kulochi. A 2003 da 2006 tana waje, canza ta aikin awa ɗaya ne. A 2007 an mayar da ita cikin giyabos, kuma tana saurin mutuwa, sai ka taka kulochi ya kwanta a ƙasa ya ƙi tasowa. Kafin a kai gare ta sai an sauke giyabos. Ka tambaya ko an taɓa canza ta. In ba a taɓa ba, ka cire kuɗin aikin daga ciniki, ka yi shi tare da faifan kulochi lokaci guda.

Batun fenti kuwa, kada ya dame ka. Ranar Abuja ba ta barin fentin shekara goma sha, kuma koɗaɗɗen fenti na asali ya fi mini sabon fenti mai sheƙi, domin yana nuna ba a ɓoye komai a ƙasansa ba. Da yawa daga motocin Amurka da ke zuwa mana daga gwanjon motocin hatsari da na ambaliya suke fitowa, irin wannan mota kuma matasa ne suka fi tuƙa ta, da gudu. Ka sa lambar shasin a Carfax, shafin intanet mai ajiye bayanan motocin Amurka, ka ga tarihinta, ka ɗaga kafet ɗin but ka nemi walda ko laka, a ɗaga ta a rami ka duba ƙasanta, don tana da ƙasa sosai, tudun rage gudu da ramukan hanyoyinmu suna dukan cikinta. Ka duba ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da take ɓoye lagireto mai ciwo. Takardun kwastam su dace da lambar shasi harafi da harafi. Sannan ka nemi maɓallin TCS ko VDC, wato na na'urar hana santsi, a gefen sitiyari. Samfurin da ya fi araha ba shi da na'urar hana santsi, ga mota mai jan baya da doki 306, ranar da aka yi ruwan farko a kan kwalta za ka so a ce tana da ita.

Idan 'yar 2007 ta faɗi gwajin mai, ko ka tarar da shasinta a lanƙwashe, ka wuce Kaduna. 'Yar 2003 mai lafiyayyen giyabos mota ce mai daɗi, bambancin doki goma sha tara ba za ka ji shi a titin filin jirgi ba, rarar kuɗin kuma ka zuba a tayoyi huɗu masu kyau da lagireto. 'Yar 2006 kuwa sai da sharaɗi ɗaya: mai ita ya nuna takardar cewa an canza injin, ko ya yarda a cika mai daidai layi a gabanka, a yi tafiya mai nisa kamar zuwa Kaduna da dawowa sau biyu, a sake zaro sandar. In ya ƙi, ka yi masa godiya ka koma wajen mai koɗaɗɗen fenti da makanikinka.