Riyal 5,000 a Jidda: Rufin Asiri Ne ko Arziki?

Ƙanina, ka ce an yi maka tayin aiki a Jidda kan riyal 5,000 a wata, ka juya kuɗin zuwa naira, kana tambaya ko ka shiga sahun masu kuɗi ke nan. Ba ka shiga ba tukuna. Don Allah ka daina lissafi da naira, domin da riyal za ka biya haya, da riyal za ka yi cefane.

In kai kaɗai ne, kuma kamfani ya ba ka ɗaki, wannan albashi rufin asiri ne mai kyau. Ba a cire haraji a albashi, riyal kuma ba ya hawa da sauka: tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce. Za ka ci, ka aika gida, ka ajiye. Direbobin gida da yawa ko rabinsa ba sa samu.

Ran da ka ce za ka ɗauko iyali ne lissafi ke sauyawa. Tun 2017 baƙo yake biyan kuɗi kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. An fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mata da yara uku, 1,600 sun tafi kafin a ɗora tukunya. Ga haya da yawanci ake nema ta wata shida a dunƙule, ga makarantar kuɗi, ga harajin kaya da ya koma kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020. Na san mutanen kirki da suka mayar da matansu da 'ya'yansu Kano da Sakkwato saboda wannan, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Shi ya sa a wurina mai matsakaicin hali a nan shi ne wanda iyalinsa ke gabansa, yara na karatu, yana da mota, yana zuwa gida hutu ba tare da cin bashi ba. Galibi likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a, kuma abin da ke riƙe da su shi ne gida da tikiti da kuɗin makaranta da aka rubuta musu a kwantiragi. Kada ka gwada kanka da ɗan ƙasa mai irin albashinka. Shi yana da makarantar gwamnati da asibiti kyauta da fansho. Kai kuɗin sallama kawai za ka samu: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan.

Attajiri kuwa shi ne wanda zamansa bai rataya a wuyan kafili ba, wato kamfani ko mutumin da ya ɗauko shi aiki. A 2019 aka fito da igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili, ta dindindin riyal 800,000. Likita mai babban albashi ma, in kwantiraginsa ya ƙare bai sami wani ba, sai ya haɗa kaya.

Kafin ka sa hannu, ka turo mini takardar in duba ko akwai kuɗin gida, da inshorar lafiya ta iyali, da wanda zai biya kuɗin sabunta igama.