Iri da ƙwaya ba ɗaya ba ne, sai kuma waken nan mai ɓata gari

Wani manomi daga Talata Mafara ya turo tambaya, ga yadda ya ce: "Malam don Allah mi ab bambancin iri da ƙwaya? Na auno wake a kasuwa na shuka, rabi bai hito ba, dattijon da muke iyakar gona ya ce mani wai ƙwaya na shuka ba iri ba. To ba duka wake ne ba?"

Ɗan'uwa, dattijon nan ya fi ka gaskiya, kuma Hausarsa ta fita. Ƙwaya ita ce ɗan hatsin kansa, ko ta gero ko ta dawa ko ta wake, wadda za a auna a kai tukunya. Iri kuwa ƙwayar da aka ware ne tun ranar girbi don a mayar da ita ƙasa. Shi ya sa kalmar ta bar gona ta shiga cikin mutane, ka ji an ce wane irin arziki ne, ko a ce mugun iri, ko uwa ta ce wa ɗanta kar ka kwaso mana wannan iri cikin gida, duk maganar abin da zai haifar ake, ba abin da ido ke gani yanzu ba.

Waken da ka auno a kasuwa ba ka san damina nawa ya yi a sito ba, ba ka san zafin da ya sha a buhu ba, ko laima ta taɓa shi, kuma mai awo bai cuce ka ba tunda shi na ci ya sayar maka. Ɗebo hannu guda ka duba da kyau. Wanda ka ga ƙaramar huda zagayayya a jikinsa ƙwaro ya riga ka, ya zauna a ciki ya cinye, in ya kai ga ɗan abin da ke tsirowa to magana ta ƙare, ko ka zuba masa taki buhu guda ba zai fito ba. Wanda ya yamushe bai ƙosa ba aka cire shi. Ita ƙwayar wake ɓari biyu ce, kuma ɓarin nan su ne guzurin tsiron a kwanakin farko kafin saiwa ta kama ganye ya buɗe, to wanda guzurinsa ya yi kaɗan ko ya fito za ka gan shi siriri, ciyawa ta danne shi, ya yi fure a makare. Akwai ma cutar da ke biyo iri tun daga uwa, ganye ya fito da dabbare-dabbare yana murɗewa, kai kana ta zargin ƙasa.

Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. Ƙirga ƙwaya 100, jera su a jiƙaƙƙen buhun algarara, naɗe, ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa kar ya bushe, bayan mako ka buɗe ka ƙirga masu tsiro. In 80 ko fiye suka fito bismillah. In rabi ne kamar naka, a yi ƙosai da shi kawai. Don ramin da bai tsiro ba in ka dawo ka sake shuka shi bayan sati biyu, na farko sun riga sun yi masa inuwa, da wuya ya kamo su.

Tambaya ta biyu daga wata malamar firamare ce a Jega. Ta ce ɗalibanta sun yi gardama kan "wake ɗaya ke ɓata gari", wasu na cewa garin mutane ake nufi, wasu na cewa garin tuwo.

Malama, garin tuwo ne. Rubutun boko ne ya jawo rikicin don ba ma nuna tsawon wasali, amma a baki ai sun bambanta, garin tuwo ana jan "ga" ɗin, garin mutane kuwa a taƙaice ake faɗinsa. Waken da ya ɓuya cikin gero aka niƙa tare, ƙaurinsa sai ya bi garin duka. Wasu na cewa wake ɗaya ke ɓata miya, shi ma ana faɗi, ma'anar ba ta sauya ba: mutum guda mai mugun hali ya shafa wa dangi ko unguwa baƙin jini. Amma kar ki yi wa masu cewa garin mutane faɗa sosai, sun kauce a kalma sun faɗa kan manufa.

Ni dai na fi ganin ƙarfin maganar nan a wajen iri. Waken kananado mai yaɗo ne, ba ya saurin fure sai damina ta ja baya rana ta fara gajarta, masu dabbobi na son shi saboda harawa. Irin gaggawa kuma kamar wasu daga cikin nau'o'in waken da ake kira SAMPEA na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya wata biyu da ɗoriya sun nuna. To ka auno gauraye ka shuka, wannan ya bushe yana fashewa a gona wancan ko fure bai yi ba, ina za ka sa ranar roro? Daga Samarun ne aka fitar da SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar nan da ke huda fure da kwanson wake. Akwai kuma waɗanda aka yi don su jure ƙuduji, ciyawar nan mai maƙale wa saiwar shuka tana tsotse ta, wadda mutanen Kano ke kira wuta-wuta, kuma duk wanda ƙuduji ya taɓa kama wa gona ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani kuma daga Kaura Namoda ya ce, Malam irin kamfani tsada, ko "araha ba ta ado" ta hau kaina ke nan? Alhaji ba dole ba ne. Karin maganar ba ta ce a sayi mai tsada ba, kashedi ne kan abin da aka karyar wa kuɗi don yana da aibi. Wake shi ke yi wa kansa barbara a cikin furensa, saboda haka in ka samu iri mai kyau za ka iya ajiye naka ka shuka baɗi ya fito kamar uwarsa. Zaɓi daga gindin da ya fi lafiya, a shanya ya bushe ƙayau har in ka ciza ya ce ƙas, a tsince masu huda da masu yamushi, a zuba a jarka mai murfi ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kam yadda iska ba za ta shiga ba ƙwaron ya mutu. In kuma na kanti ka saya ka ga an shafa masa jan magani, wannan na ƙasa ne kaɗai, a ɗauke shi daga inda yara da kaji za su kai.