Tayar da za ta jure zafin Kano a rim 16

Malam, ka ce Corolla ɗinka rim 16 ce kuma kana son taya mai jure zafin bazara. To fara da buɗe ƙofar direba, akwai ƴar sitika a jikin ginshiƙin, ita ke ɗauke da sayis ɗin da kamfani ya sa, yawanci 205/55 R16. 205 faɗi ne a milimita, 55 tsayin gefe, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, 16 kuma rim ɗin. Kar wani ya lallaɓe ka ya ɗora maka 215/60 wai don mota ta tashi daga ƙasa, za ta iya gogar jiki in ka kwashi kaya, mitar gudu ma ta riƙa yi maka ƙarya.

Inda matsalar take shi ne tayoyin Beljiyam ɗin nan na Ƙofar Ruwa, da yawa na sanyin Turai ne, in ka ga hoton dutse da alamar ƙanƙara a gefe wallahi ajiye musu kayansu, robar taushi gare ta, kwaltar Afrilu a digiri 40 cinye ta take yi. Nemi wadda aka rubuta Temperature A a gefenta, wato matakin da ya fi jure zafi, ko B in aljihu ya ƙi.

Sannan duba lamba huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen tayar, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2523 mako na 25 ne a 2023. Ƴan FRSC, hukumar kiyaye haɗurra, shekara 4 daga ƙerawa suke lissafa wa taya ta daina aiki, ko da zanen na nan raɗau.

Iska kuma da sassafe za ka auna, kafin tayar ta ɗau zafi, kuma ka tsaya kan mai faci ka ga gejin da idonka.