Manhajar zane a aji: ta ina zan fara da waya ɗaya?

Malama, tambayarki ita ce yadda za ki koyar da kimiyya a aji huɗu da manhajar zane, alhali waya ɗaya ce a hannunki, ga matsalar wuta da data.

Ki fara da manhajar da ba ta buƙatar intanet. Tux Paint kyauta ce, an yi ta ne don yara 'yan shekara 3 zuwa 12. Ni dai don darasin kimiyya na fi son Sketchbook, saboda tana ba da damar yin zane hawa-hawa. Misali, ki zana saiwar masara a hawa ɗaya, kara a na biyu, ganye a na uku, sunayensu a na huɗu. A aji sai ki ɓoye hawan sunayen, ki ce yara su faɗa, sannan ki buɗe su ga ko sun dace. Zanen nan ɗaya zai yi miki darasi, ya kuma yi miki bita.

Ki shirya zanen tun a gida, ki cika caji. Ki raba yara rukuni-rukuni, wayar tana zagayawa, sauran kuma suna zana nasu a littafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin yara su ɓata lokaci wajen zaɓen launi har a kaɗa ƙararrawa. Ki kuma guji manhajoji masu tallace-tallace, don ba ki san abin da zai faɗo gaban yaro ba.

Idan makarantarku na da majigi, mai kula da kwamfutoci ya haɗa miki. Yaron da kika ga yana manna ido a jikin wayar kuwa, ki sanar da iyayensa su kai shi wurin likitan ido.