Amsa ga mai cewa finafinan tsoro na yanzu ba su da tsoro

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa finafinan tsoro da ake ta yabawa, idan ka kalla sai ka ga duhu kawai da surutu, babu abin da ke faruwa. Kafin ka yanke wa fim hukunci, fara duba kwafin da aka tura maka a shago.

Fim na awa 2 da aka matse ya koma mega 300, abin da ake fara zubarwa a cikinsa shi ne bambancin da ke tsakanin baƙi da baƙi-ƙirin. Wurin da ya kamata ka ga inuwa sai ya zama dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu. To kuwa irin waɗannan finafinai na dagula tunani a cikin inuwar suke ɓoye kayansu. A fim ɗin Hereditary na 2018, kusa da ƙarshe, uwar tana manne a kusurwar rufin ɗaki bayan ɗanta, kyamara ba ta matsa kusa da ita ba, kiɗa bai sanar da kai ba. A kwafin mega 300 bango kawai za ka gani. Ka ce a sa maka kwafi mai kyawun hoto na 720p aƙalla, wajen jiga 1, ko 1080p idan katinka na da wuri. Kuma a kalla da dare, ba da hantsi a bakin Kasuwar Dole ba, hasken Damagaram ya fi ƙarfin gilashin salula.

Sauti ma haka, ko ya fi. Kunnen mutum yana jin ƙara tun daga wajen hertz 20 (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), masu haɗa fim kuma suna shimfiɗa wani gurnani can ƙasa wanda ke sa gaba ya faɗi ba ka san dalili ba. Lasifikar salula ba ta fitar da wannan gurnanin ko kaɗan. Abin saurare na kunne, ko mai araha ne, yana dawo da rabin fim ɗin.

Sai fassara. Mai fassara ya dace da fim na faɗa, amma a nan yana cike shirun da aka bari da gangan, wani lokaci har ya riga ka faɗin wanda ya yi kisan. Gara muryar asali da rubutun Faransanci a ƙasa.

Fim na warware sirri kuwa matsalarsa tura gaba. Maharaja na Indiya, na 2024, ba a jera lokutansa bi da bi ba, abin da ka ɗauka yau ne ashe shekarun baya ne. Wanda ya tsallake minti 5 zai fito yana cewa labarin bai haɗu ba.

Duk da haka kana da gaskiya ta wani gefe. Da yawa cikin na yanzu dabara ɗaya gare su: dodo ya zama alamar baƙin ciki ko ciwon zuciya, tun minti 20 na farko ka gane, sauran jira ne. Na almara kuma sun dogara da zanen kwamfuta har dodon ba shi da nauyi a ido. Idan kana son wanda ya kauce wa wannan, nemi Bramayugam na 2024, baƙi da fari ne, kusan duka mutum 3 ne a tsohon gida. Shi ma kada ka yarda da ƙaramin kwafi.